Ƙofar Gidan Mama Jane

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Yini guda a shago, fasfo kawai. Kowa ya zauna sai ya ce a ƙara masa haske, a rage masa kumatu. Wani har cewa ya yi in cire masa furfura, sai ka ce ni na shuka masa ita. Shekarun da na yi riƙe da kyamara a unguwar Pantami nan Gombe, abin da za a tuna ni da shi ke nan: Safiyanu mai sa mutane fari.

Alhamis zan hau dutse in Allah ya yarda. Barikin Kurege, can gaba da Jos, inda Turawa suka haƙi kuza suka tafi suka bar gidajensu. Bara na yi irin waɗannan barikoki biyu. Shi ne kaɗai aikin da nake yi don kaina. Tsohon gida ba ya ce maka ka ƙara masa haske.

Dennis ne ya haɗa ni da wurin. Shi ke yi mini firam a Herwagana tun ina koyon aiki, kuma a barikin aka haife shi. Mahaifiyarsa, Mama Jane, har yau tana cikin gidan da kamfanin kuza ya ba mijinta marigayi George. Ya yi ya yi ta dawo Gombe, ta ƙi. Ɗazu da na je karɓar firam ya ja ni gefe. Wai an fara ganin baƙi da motoci suna auna ƙasa, ana raɗe-raɗin an samu farin dutsen nan da ake yin batir da shi a ƙarƙashin barikin. Gidan kuwa ba shi da takarda ko ɗaya. Ya ce, “Oga Safi, takardar gidan nan ita ce Mama tana ciki. Ka ɗauko mini ita tsaye a ƙofa, wanda kowa zai gani ya san da mutum.”

Na ce an gama. Hoto ɗaya ai ba aiki ba ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

Matata Hanifa ta haɗa mini jaka tana tsiya. “Abban Amir, mutane na biyanka ka ɗauke su kana ƙunƙuni. Bango bai ba ka ko sisi ba, kana hawa dutse dominsa.” Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce ai shi ya sa ta sa mini dambun nama, tunda aljanun gidajen ba sa girki.

Ta kuma cusa rigar sanyin da na ce ba na so.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Gombe zuwa Bauci, Bauci zuwa Jos, daga nan wata motar da ƙofarta igiya ce ke riƙe da ita, daga nan acaɓa. Hanyar ƙarshe ba hanya ba ce, zaizayar ruwa ce. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa ina rungume da jakar kyamara. Ɗan acaɓan ya nuna mini wani rafi da muka tsallaka, ya ce in aka yi ruwa mai ƙarfi sai a kwana biyu ba a wuce shi ba.

Amma da muka ɓullo kan tudu na manta da ciwon baya. Layin gidaje na dutse, jan kwano ya yi tsatsa, kowanne da bututun hayaƙi. Tagogin katako, koren fenti yana ɓarewa. Bishiyoyin turare dogaye. Ƙasa da su wani tafki kore shar, wanda ramin kuza ne ya cika da ruwa. Yawancin gidajen rufin ya faɗa ciki. Waɗanda ke tsaye, tsofaffi ne a ciki.

Mama Jane gajeriya ce, mai ƙarfin hannu. Ta karɓe mini jaka kafin in hana ta. “Kai ne Safiyanu na Dennis? Ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci?” Ta zubo mini gwate mai zafi, na ci har da ƙari. Ta ba ni ɗakin da Dennis ya girma a ciki. Ba tare da na tambaya ba ta ajiye mini buta da ruwan ɗumi, ta nuna wajen tafki ta ce can ne gabas, can leburorin Kano suke kallo tun tana amarya.

Gidanta ya fi kowanne kyau. Matsalar kawai tarkace: bokitan roba shuɗi, farantin sola a kan rufi, igiyar shanya, labule mai furanni, kaji. Gobe zan san yadda zan yi da su.

Rigar sanyin nan, Allah ya yi wa Hanifa albarka. Ba zan faɗa mata ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Yau na ɗauki hoton da ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Bari in rubuta yadda aka yi kada in manta.

Sautin tsintsiya ne ya tashe ni. Kafin in idar da salla Mama ta share ƙofar gida tun daga baranda har gindin bishiya, tsintsiyar ta bar zane a ƙasa layi bayan layi. Ko tsinke babu.

Na roƙe ta mu kawar da bokitan. Ta yi dariya ta kwashe. Na ce shanyar fa. Ta sauke. Labulen ma ta cire. Na hau rufi da kaina na sauko da solar, tana ƙasa tana riƙe da tsani tana cewa in na faɗo ba ta da abin da za ta gaya wa matata. Kajin muka kora bayan gida. Na ja ƙofa na rufe.

Na duba ta cikin kyamara, har yanzu da sauran abu. Ƙasar ce. Ta yi tsaf da yawa, kowa ya gani ya san hannu ya bi ta wurin. Sai na ari kwandonta na shiga ƙarƙashin bishiyoyin turare na ciko shi da busasshen ganye da ɓawo, na zo na watsa a ƙofar, har kan matakalar baranda. Na ƙara kwando biyu.

Ta tsaya riƙe da haɓa. “Yesu na! Yau na ga abin mamaki. Tun ranar da George ya kawo ni gidan nan nake share wannan ƙofa, rana ɗaya ban fasa ba, ko ranar da muka binne shi. Yau baƙo ya zo ya zuba mini shara da kwandona.” Dariya take yi, amma ba sosai ba. Na ce na ɗan lokaci ne, Mama, aikin ne haka. Na ce ta koma bayana.

Ana cikin haka gajimare ya sauko kan dutsen ya rufe rabin rufin. Hasken ya yi laushi. Gidan ya fito kamar an shekara talatin ba a taka ƙofarsa ba, daidai yadda nake so.

Ta ce, “To ni fa? Dennis ya ce za ka ɗauke ni.” Na ce bari in gama da sauran gidajen tukuna kafin hasken ya gudu. Ta duba zanen aikin da ke jikinta ta ce gara ma haka, a bari sai Lahadi, ta sa kayan zumuntar mata na coci. “Kafin in tafi sujada. A nan, a ƙofa.” Na ce Lahadi da safe.

Haka na bi sauran gidajen. Tsofaffin ba su yi gardama ba. Ka ce wa mutum ya shiga ciki ya rufe ƙofa, sai ya shiga. Wani dattijo mai carbi ya tambaye ni ko shi ne bai yi kyau ba. Na ce ba haka ba ne, Baba, gidan nake so.

Da na dawo ta riga ta share ganyen tas. Bokitan ma ba ta mayar ba tukuna, sharar ta fara yi.

Bayan la'asar na zauna na tace, kamar kullum. Duk hoton da mutum ya shigo, ko hannu, ko gefen zane, ko kaza, na goge nan take. Ba na barin su su kwana a kati. Mutum a hoton gida ƙuda ne a ƙwaryar nono.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na ɗauki tsohon ɗakin injin ruwa. Nan George ya yi aiki, shi ke gyara famfunan da ke wanke kuza. Mama ta raka ni ta nuna mini kabarinsa a bayan coci, ta tsuguna ta cire ciyawa biyu-uku tana magana. Ta ce Dennis yana so ta je Gombe ta zauna a ɗaki ɗaya tana jin zafi tana kallon bango. “In na tafi wa zai share masa? Wa zai share gida?”

Da rana wata farar mota ta hau tudun, da mutane masu manyan takalma. Ɗaya ya nufo ni, ya yi sallama, Hausarsa ta Kano. Sunansa Misbahu. Ya ce ko zai ga abin da nake ɗauka. Ya daɗe yana kallon hoton gidan Mama, ya ce, “Malam, kai ba mai hoto ba ne, mai fasaha ne.” Ya tambayi yadda na samu hasken. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan, ko a gida. Na ba shi lambata.

Mama ba ta amsa gaisuwarsa ba. Na ji kunya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ina cikin mota, hanyar Bauci. Rubutun zai karkace.

Da sassafe na hau can ƙololuwa inda gidan manajan Turawa yake, da niyyar in dawo kafin Mama ta shirya. Wurin ya fi yadda na zata nisa, kuma da na isa sai ga rana tana shigowa ta tagogin da ba gilashi. Wa zai bar wannan? Na shagala. Ina jin ƙararrawar coci daga ƙasa, na ce saura ɗaya, saura ɗaya.

Da na sauko gidan a rufe. Maƙwabcinta, dattijon nan mai carbi, ya ce ta daɗe tsaye a ƙofa cikin kayanta, har ta aro kujera ta zauna, sai da aka kaɗa ƙararrawa ta biyu ta tafi. Na ce ba komai, in an tashi daga coci sai in ɗauke ta. Sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ɗan acaɓa ya iso ya ce ko yanzu ko sai rafi ya janye. Ina da biki Talata. Na ɗauki jaka.

Mun wuce ta gaban cocin suna waƙa. Na bar mata saƙo wurin dattijon cewa zan dawo kafin Kirsimeti.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na gaya wa Dennis ruwa ne ya hana. Gaskiya ne ai, an yi ruwan. Ya ce, “To.” Ya ci gaba da buga ƙusa. Na nuna masa hoton gidan a waya, ya kalla ya ce, “Ina Mama ta je ranar?” Na ce tana bayana.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na ɗora hotunan a shafina. Na daɗe ina neman abin da zan rubuta a ƙasa, ƙarshe na sa: Barikin Kurege, garin da mutanensa suka tafi. Mutanen da ban sani ba daga Legas da Abuja suna ta yabo. Wata ta ce ta yi kuka. Na karanta wa Hanifa, ta ce, “Matar da ta ba ka gwate fa, ita ma ta tafi?” Na ce salon magana ne. Wani lokaci matar nan ba ta da daɗin hira.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Misbahu ya kira. Kamfaninsu na son hotunan duka, wai don tarihin wurin, wataƙila har da kalanda. Ya ce a turo na asali yadda suka fito daga kyamara, masu ɗauke da ranar da aka ɗauka. Bai yi ciniki ba. Karo na farko da bango ya biya ni, na gaya wa Hanifa. Ta ce ruwa ba ya tsami banza. Na ce hassada ce.

Na tura, na asalin da kuma waɗanda na sa wa sunana.

Asabar, 7 ga Disamba

Biki a Gabukka. Uwar amarya ta ce na sa 'yarta ta yi baƙi.

Juma'a, 20 ga Disamba

Biki kan biki, katunana duk sun cika, sai gogewa nake ina sake ɗauka. Dennis ya tuna mini maganar hawa dutse. Na ce bayan sabuwar shekara. Shi zai je Kirsimeti, na ce ya ɗauke ta da waya kafin nan. Ya ce wayarsa kyamarar ta fashe, kuma ba irin wannan yake so ba.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Dennis ya zo shago. Bai zauna ba.

Jiya aka yi zama a zauren ƙaramar hukumarsu kan maganar barikin. Shi da Mama da sauran tsofaffin sun je, an ɗauko su a bayan mota. Mutanen kamfani suka ce wurin kufai ne, ba mai zama, waɗannan tsofaffin daga ƙauyuka aka kwaso su don a ci kuɗin diyya. Tsofaffin suka tashi da hayaniya. Sai aka kashe fitila aka haska hotuna a bango, ɗaya bayan ɗaya. Ƙofofi a rufe. Ba shanya, ba bokiti, ba hayaƙi. Ganye har kan matakala. Mai bayanin ya ce wa ciyaman, “Ranka ya daɗe a duba, ko kaza babu. Kuma ba mu muka ɗauka ba, wani ne mai zaman kansa daga Gombe, wata uku da suka wuce.” Sunana yana gindin kowane hoto. Ni na sa shi, da rubutu mai lanƙwasa da na yi kwanaki ina zaɓa.

Wasu sun nuna hotunan waya. Aka ce tsofaffin hotuna ne, ba ranar da aka ɗauka, wa ya san shekarar.

Dennis bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, “Oga Safi, ka duba mini. Ko ɗaya. Ko ƙafarta ce ta fito.”

Na ce zan duba. Na san abin da zan tarar.

Laraba, 15 ga Janairu

Babu. Na bi kwamfuta hoto bayan hoto. Gidaje masu kyau, ba kowa.

Na kai katin wurin masu gyaran waya a kasuwa ko za su dawo da abin da aka goge. Abin da ya dawo amaren Disamba ne, suna murmushi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na kira Misbahu. Ya gaishe ni da ladabi har da tambayar iyali. Na ce ya san da mutane a wurin, ya gan su da idonsa, ya gaishe da Mama ta ƙi amsawa. Ya ce shi ma'aikaci ne, ba shi ke yanke hukunci ba. Na ce ni na kwashe kayan, ni na zuba ganyen. Ya ce, “Malam Safiyanu, ai ba mu muka rubuta mutanensa sun tafi ba.”

Na zage shi. Ban ji sanyi ba.

Na goge rubutun daga shafina. Sun riga sun ɗauki hotonsa.

Litinin, 27 ga Janairu

Na je Jos, wurin lauyan da Dennis ya samo. Na faɗi komai, kwando, tsani, kaji. Ya rubuta. Ya ce zai shigar, amma in sani abin da za su ce: mutumin da ya yarda ya shirya hoton ƙarya jiya, me zai hana ya shirya maganar ƙarya yau? Kuma abokin ɗan mai gida ne. Ya ce da da hoto ɗaya mai kwanan wata, da tsohuwar a ƙofa, da magana ta canza.

Hoto ɗaya.

A mota Dennis ya zauna gaba, ni baya. A Alkaleri ya sayi ruwa biyu ya miƙo mini ɗaya ba tare da ya waiwayo ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ba na iya cin abinci sosai. Hanifa ba ta ce ai na faɗa maka ba. Wallahi da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ni dai gidan nake so, ban yi nufin kowa da sharri ba. Na rubuta wannan na karanta, ko ni bai gamsar da ni ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Saƙo daga Dennis: An rushe. Mama tana wurina.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na ji sauran daga matarsa a waya. An ba su kwanaki su kwashe kaya. Katafila ta fara da layin ƙasa. Mama ta share ƙofa da safen ranar kamar kullum, sannan ta hau mota. Sun ce ba za a taɓa coci da kaburbura ba tukuna. Tukuna.

Dattijo mai carbi ban san inda ya tafi ba. Ban ma tambayi sunansa ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na wanke hoton gidan, babba, na kai wani wuri daban aka sa masa firam. Aikinsu bai kai na Dennis ba, kusurwa ɗaya ta buɗe. Hanifa ta ce kada in kai wa Mama. Na ce duk duniya shi kaɗai ya rage na gidan, haƙƙinta ne. Ta ce, “To ka tafi da wannan ma,” ta ba ni kwanon masa. Ta ce aƙalla in shiga da abin da za a iya ci.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na je bayan an tashi daga coci.

Gidan haya ne a Herwagana, ɗakuna a jere, tsakar gida siminti. An ba ta ɗakin yara. Zafi kamar gidan burodi. Kayanta suna ɗaure a buhuna ba ta kwance ba, bokitan shuɗin nan a kife ɗaya cikin ɗaya, tsintsiyarta a jingine bayan ƙofa. Tana zaune bakin katifa cikin kayan zumunta, ɗankwali da zane iri ɗaya, farar riga. Kayan da ta jira ni da su ke nan. Ta faɗa ƙwarai.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, “Safiyanu. Har yanzu ba ka yi ƙiba ba.” Ta karɓi masar ta ce a gode wa matata. Dennis yana tsaye a bakin ƙofa.

Na kwance hoton na miƙa mata. Ta ɗora a cinya ta daɗe tana kallo. Ta bi bututun hayaƙi da yatsa, ta bi taga. Sai yatsan ya sauko kan matakala ya tsaya.

“Ranar da suka haska wannan a bango,” ta ce, “ciyaman yana wurin, fasto yana wurin, mutanen da suka san George suna wurin. Da suka ce ba kowa a gidan ban ji komai ba, na san ƙarya ne. Wannan ne ya sa na rufe fuska.” Ta danna ganyen da yatsa. “Kowa ya ga ƙofar gidana da shara. Za su ce matar George ƙazama ce.”

Na shirya maganganu tun daga gida. Ba wadda ta fito sai, Mama ki yafe mini. Ta ce ta yafe, Ubangiji ma yana yafe mana. Da sauri ta faɗa, yadda ake sallamar mai talla.

Sai bakina ya ƙara abin da bai kamata ba. Na ce kyamara tana jaka, ga ta cikin kayan, bari in ɗauki hoton da na yi mata alkawari.

Ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, tambaya ce kawai.

“A ƙofar wa zan tsaya?”

Ta miƙo mini firam ɗin da hannu biyu. “Ka tafi da shi, ɗana. Yana da kyau. Amma wannan gidan ba mutane a ciki.”

Dennis ya raka ni bakin titi. Ya dubi kusurwar firam ɗin da ta buɗe, ya sa babban yatsa ya danna, ta ƙi haɗuwa. Ya ce sai an jima.

Hoton yana bayan kabad, fuskarsa na kallon bango.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Wani ya kira, ya ce Misbahu ne ya ba shi lambata. Akwai wata tsohuwar bariki a wani dutsen, suna son irin wancan aikin. Na ce kyamarata ta lalace.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Gobe ko jibi azumi. Na fita da sassafe kai hotunan biki Herwagana kafin rana ta yi zafi. Hanyar ta layinsu Dennis ta bi, ba ni na tsara ba.

Mama tana waje. Ba tsakar gida ba, ƙofar gidan hayar, ɗan filin ƙasa tsakanin kwata da titi inda kowa ke zubar da ledar ruwa. Ta sunkuya da tsintsiyar nan tata, hannu ɗaya a baya. Ta riga ta yi rabi, layi bayan layi, irin zanen can. Bayanta shanyar wasu, jarkoki, wayoyin lantarki, keke napep a fake, wata mata tana hura gawayi. Hasken safiya ya sauka a kanta sosai. Kyamarar tana wuyana. Ban taɓa ta ba.

Ba ta gan ni ba. Na tsaya jikin wani shago har ta kai bakin kwata, ta tattara, ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannu ta shiga ciki.

In zan wuce dole in bi ta kan wurin. Na juya na zagaya ta bayan layi, ta wajen masu faci, na makara da kai hotunan har matar da ta ba ni aikin ta yi mini faɗa.

Ba wani abu ba ne. Takalmina ne da datti.